Ƙungiyoyin gudun safe na 'yan sa-kai: Yadda ake kafa su, da abin da ke rusa su

Duk wanda sammako ya taɓa bi da shi ta gadar Lekki zuwa Ikoyi ranar Asabar, ko ta gaban babban filin wasa na Surulere, ya ga abin da idonsa. Maza da mata, samari da masu furfura, wasu na sassarfa, wasu na tafiya da sauri, gumi sharkaf. Haka abin yake a filin Adamasingba na Ibadan, wanda mutumin Sabo ko abin hawa ba sai ya hau ba zai je. Da yawanmu kan hango su ta tagar mota mu ce, "Waɗannan ba su da aikin yi." Wani kuma a ransa cewa yake yi, ina ma a ce a zangonmu akwai irin wannan.

To, haɗa irin wannan ƙungiya ba ta da wuya. Ka buɗe zauren WhatsApp yau, ka sa abokanka, ka ce Asabar ƙarfe shida da rabi. Ranar farko sai ka ga mutum talatin, kowa da sabon kambas, ana ta ɗaukar hoto. Mako na uku a koma goma sha biyu. Kafin a yi wata biyu, sai ka tarar da wanda ya kawo shawarar shi kaɗai a bakin fili yana ta kiran waya ba a ɗauka. Daga nan shi ke nan, zauren ya koma wurin tura wa'azi, sanarwar ɗaurin aure da rigimar siyasa.

Idan aka tambayi dalili, abin da kowa ke cewa shi ne mutanenmu ba su da juriya. Amma idan ka duba da kyau, ba ƙafar masu gudun ce ta gaji ba. Wanda ke ɗauke da ɗawainiyar ne ya gaji: mai tashin mutane, mai neman izinin fili, mai sayen ruwa, mai ba wa wanda ya yi fushi haƙuri. Ƙungiyar gudu tana tsayuwa ne a kan mutanen da suka yarda ranar ba za su yi gudun ba. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a tarihin wata ƙungiya da ake kira parkrun, wadda ita ce mafi shahara a irin wannan harka a duniya.

Daga mutum 13 zuwa ƙasashe sama da 20

Ranar Asabar 2 ga Oktoban 2004, mutum 13 suka taru a wani lambun shaƙatawa mai suna Bushy Park a kudu maso yammacin Landan, suka yi gudun kilomita 5. Wanda ya tara su, Paul Sinton-Hewitt, mutum ne da ya tashi a Afirka ta Kudu, kuma a lokacin yana fama da rauni a ƙafa, ba ya iya gudu. Abin da yake so shi ne ya ci gaba da haɗuwa da abokansa. Sai ya tsaya da agogo yana auna musu lokaci. Duk wanda ya iso, a miƙa masa wata 'yar washa irin ta noti da aka buga wa lamba, don a san ko shi ne na nawa. Bayan an gama suka wuce shan shayi.

Ka lura da wannan: wanda ya kafa ƙungiyar, a ranar farko ma bai yi gudu ba. Aiki ya yi wa wasu.

Kuma bai yi gaggawa ba. Sai a 2007 aka buɗe wuri na biyu, a Wimbledon. Sama da shekara biyu suna nan wuri guda, duk Asabar, ko ana ruwa ko ana sanyi. A 2011 abin ya isa Afirka ta Kudu, inda Bruce Fordyce, wanda ya lashe tseren Comrades har sau 9, ya fara shi a Delta Park da ke Johannesburg. Yau ana yin parkrun a wurare sama da 2,000 a ƙasashe sama da 20.

Dokokinta kaɗan ne. Kilomita 5 ne, ba ƙari ba ragi. Duk Asabar da safe ne, wuri ɗaya, lokaci ɗaya: a Ingila ƙarfe 9, a ƙasashe masu zafi kuma a kan fara da wuri. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Mutum zai yi rajista sau ɗaya a intanet, a ba shi lambarsa mai zane-zane irin ta jikin kayan kanti, da ita zai riƙa zuwa ko'ina. Ana kuma yi wa yara 'yan shekara 4 zuwa 14 nasu na kilomita 2 ranar Lahadi. Ba a ɗauke shi gasa ba, ba a ba da kofi. Shekara bayan shekara ma matsakaicin lokacin da mutane ke gamawa sai ƙara tsawo yake yi, kuma shugabannin ƙungiyar murna suke yi da hakan, don alama ce cewa tsofaffi, masu ƙiba da waɗanda ba su taɓa motsa jiki ba sun fara fitowa.

Su wa ke ɗauke da aikin?

Ga mai zuwa gudu, abin kamar da kansa yake faruwa. Ya zo, ya gudu, ya tafi, anjima saƙo ya shigo wayarsa da lokacin da ya yi. Amma a bayan wannan akwai jerin mutane da ba a biyan ko ɗayansu.

Akwai jagoran ranar, wanda shi ke da alhakin komai, kuma shi ke da ikon cewa yau an fasa idan ya ga hanya ba lafiya. Akwai wanda zai riga kowa zuwa ya zagaya hanyar ya duba ko bishiya ta faɗi ko ruwa ya kwanta. Akwai masu riƙe agogo. Akwai masu tsayuwa a kowace kwana suna nuna hanya. Akwai mai miƙa lamba a wurin gamawa, da mai karantawa, da mai yi wa sababbin zuwa bayani. Sannan akwai wani aiki da ya fi burge ni: mai rufe baya. Aikinsa shi ne ya zama na ƙarshe. Duk wanda ya fi kowa nawa, to mai rufe baya yana bayansa yana masa hira, don kada a ce wane ne ya zo na kashin baya. A 2017 ma aka sauya sunan aikin daga mai gudun baya zuwa mai tafiyar baya, don a nuna cewa wanda ya zo tafiya kawai shi ma ɗan gida ne.

Duk da wannan tsari, babbar damuwar masu shirya parkrun har gobe ita ce cike jadawalin 'yan sa-kai. Tsakiyar mako za ka ga suna roƙo a Facebook cewa saura masu tsaron kwana uku. Idan ba a samu ba, sokewa ake yi, ko da masu gudu ɗari uku ne ke jira. Dalili kuwa a bayyane yake: kowa gudu ya zo yi, ba wanda ke son tsayuwa a kwana yana kallon wasu na wucewa.

Dabarun da suka bi guda uku ne, kuma duk ana iya kwaikwayonsu a Agege ko a Mile 12. Na farko, sun yayyanka aikin ƙanana-ƙanana, yadda ko yaro ɗan sakandare zai iya ɗaukar guda ba tare da wani dogon horo ba. Na biyu, ba mutum ɗaya ke jagorancin kowace Asabar ba. Akwai 'yan mutane da ke karɓa-karɓa, ta yadda idan wani ya yi tafiya ko ya yi rashin lafiya ba a tsayawa. Na uku, suna girmama mai aikin kamar yadda suke girmama mai gudun. Kafin a tashi sai an tafa wa 'yan sa-kai, ana rubuta sunayensu, kuma kamar yadda wanda ya yi gudu sau 50 ko 100 yake da rigarsa ta musamman, haka wanda ya yi aikin sa-kai sau 25 yake da tasa.

Wannan na biyun shi ne ya fi shafar mu. Mu a nan kudu rayuwarmu ta zuwa da komawa ce. Sallah ta zo, rabin zango ya tafi gida. Damina ta faɗi, wasu sun koma noma sai bayan girbi. An yi rasuwa, mutum ya kama hanyar Sakkwato ko Kano, sai bayan sati uku. Ƙungiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya hau mota a tasha ranar ta mutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a sa ranar farawa, a samu aƙalla mutum huɗu da kowannensu zai iya riƙe Asabar guda a wata, kuma ya kasance ba 'yan gari ɗaya ba ne da za su tafi gida tare.

Fili na wani ne

Matsala ta biyu ita ce wuri. Ko a Ingila da lambuna suka yi yawa, wannan ya ba su wahala. A watan Afrilun 2016, majalisar wani yanki mai suna Stoke Gifford kusa da birnin Bristol ta yanke cewa sai masu parkrun na lambun Little Stoke sun riƙa biyan kuɗi, saboda a cewarta ɗaruruwan ƙafafu na lalata hanyoyin lambun kuma ita ke gyarawa. Masu ƙungiyar suka ce ƙa'idarsu kyauta ce. Aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu, ƙarshenta dai aka rufe gudun a wurin. Haka kuma bayan annobar korona, wadda ta sa aka dakatar da komai a watan Maris na 2020, an so a dawo a Ingila a watan Yunin 2021, amma dole aka ɗage zuwa 24 ga Yuli, kuma cikin dalilan akwai cewa masu filaye da yawa ba su ba da izini da wuri ba.

Idan haka ta faru a can, to ina ga Legas, inda ko wurin ajiye teburin shayi sai ka biya mutum uku? Abin da ke hannunmu bai wuce uku ba: filin wasa na gwamnati, filin makaranta, ko titi.

Filin wasa shi ya fi kwanciyar hankali, ba mota ba babur. Zagaye ɗaya na layin gudu mita 400 ne, ke nan kilomita 5 zagaye 12 da rabi ne. Idan filin ƙwallo ne cikakke ba layin gudu, zagayensa ya kusa mita 350, sai a yi 14 zuwa 15. Matsalarsa ita ce ranar da aka ba da hayarsa don taro ko wasa, sai dai ku zo ku tarar da ƙofa a kulle. Filin makaranta kuma yana hannun hedimasta da mai gadi. Izinin baki ba ya ɗorewa: a sauya hedimasta, magana ta koma sabuwa. A rubuta takarda, a sa hannu, a ajiye kwafi, kuma a tabbatar duk Asabar an bar filin ba leda ko ɗaya ta fiya wata a ƙasa. Abin da ya fi saurin sa a kori mutane daga fili shi ne shara.

Titi shi ne mafi sauƙin samu kuma mafi haɗari. Gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, tsawonta kilomita 1.36 ne kuma tana da wurin masu tafiya a ƙafa, shi ya sa masu gudu suka maida ta gida: ka je ka dawo sau biyu, ka haura kilomita 5. Amma unguwanninmu ba haka suke ba. Kwata a buɗe, tirela a fake a gefen hanya, danfo da Keke na neman fasinjan farko. Idan dole sai titi, a riƙa tafiya ana fuskantar motar da ke tahowa, a jere ba a baje ba, na gaba da na baya su sa riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan titi, kuma kada a fara sai gari ya waye.

Abin da mutumin Landan bai sani ba

Akwai wata matsala da ba za ka same ta a littafin parkrun ba, amma mu mun san ta. A garin da kake baƙo, gudu ba gudu ba ne kawai. Ka ɗauka samari ashirin 'yan Arewa sun fito daga lungu da duku-duku suna gudu a jere, wani na busa usur. Mai shagon da ke buɗe ƙofa me zai fara tunani? Matar da ke kai yara makaranta fa? A kasuwanninmu mun sha ganin yadda mutum biyu za su ruga, kafin a ankara kowa ya watse ana rufe shaguna, ba wanda ya san abin da ya faru. A wannan zamani da hoton waya ke yawo cikin minti biyar da ƙaryar da aka liƙa masa, abin da aka fara don lafiya yana iya zama fitina ga zango gaba ɗaya.

Maganin wannan shi ne sanarwa tun kafin a fara. A fara da Sarkin Hausawa da dattawan zango, don duk abin da ya taso ƙofarsu za a fara bugawa. Daga nan, da rakiyar wakilinsa, a je wurin Bale ko mai unguwar 'yan ƙasa, da shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA a Legas, da 'yan sintirin da ke kwana a kan layin, sannan a kai takarda ofishin DPO mai ɗauke da rana, lokaci, hanya da sunayen jagorori. Wani zai ce, don gudu kawai sai an yi duk wannan? E, sai an yi. Awa biyu ce za ka ɓata sau ɗaya, ta raba ka da kwanan caji ofis.

Sannan a bar duk wani abu mai kama da faretin soja: waƙar tirenin, ihu tare, kayan sojoji, riƙe sanda. Mafi alheri ma, a buɗe ƙofa ga maƙwabta. Idan cikin masu gudun akwai Bayerabe mai gyaran waya, da Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, da malamar makarantar unguwa, ba wanda zai ƙara kiransa gudun Hausawa, ya zama gudun unguwa. Wanda kuka yi haki tare duk Asabar kuwa, ranar da rigima ta tashi a kasuwa shi ne zai fara cewa, "Na san su."

Wace rana, wane lokaci?

Asabar da ƙarfe 9 ta dace da ma'aikacin ofis a Ingila. Mu kuwa Asabar ranar ciniki ce. Mai kayan gwari a Mile 12 tun kafin asuba yana wurin sauke kaya. Mai gadi a lokacin yake tashi daga aikin dare. Mahauci yana kwata. A wasu jihohin kuma Asabar ɗin ƙarshen wata ta sharar gari ce, ana hana zirga-zirga da safe. Don haka kada a kwafo rana daga wasu, a tambayi waɗanda za su zo. Ga jama'a da yawa Lahadi ta fi, don kasuwa ba ta cika ba kuma titi ya fi sarari.

Lokaci kuma, mu muna da abin da wasu ba su da shi: jama'armu sun riga sun tashi. Ana idar da sallar asuba, mutane na tare wuri guda. A Legas rana kan fito ne tsakanin shida da rabi zuwa bakwai, ke nan akwai tazarar da mutum zai koma ya sauya kaya ya fito daidai wayewar gari. Ƙarfe bakwai da rabi an gama, kowa ya kama gabansa kafin rana ta yi zafi.

Duk ranar da aka zaɓa, to a riƙe ta. Babban sirrin parkrun shi ne ba sai ka tambaya ba: ka san Asabar, ka san wurin, ka san za ka tarar da mutane. Da zarar an fara "wannan satin mu ɗaga zuwa Talata", an fara haƙa kabarin ƙungiyar. Ko mutum uku ne suka zo, a yi, kuma a fara a kan lokaci ba tare da jiran kowa ba. Abu biyu kawai ya kamata a tsara musu tun da wuri. Damina, wadda a kudu takan kai daga Afrilu zuwa Oktoba: a yi doka guda, yayyafi ba ya hanawa, amma tsawa da ambaliya suna hanawa, kuma jagoran ranar ne kaɗai zai sanar. Sai watan azumi: a maida shi tafiya maimakon gudu, ko a koma bayan sallar tarawihi a fili mai fitila. Hutun wata guda cur shi ne inda ƙungiyoyi da yawa kan kwanta ba su ƙara tashi ba.

Kuɗi da masu riguna kyauta

Kyauta ga mai gudu ba ya nufin ba a kashe komai. Ita kanta parkrun tana da ma'aikata a hedikwata, tana biyan inshora da kuɗin na'urori, kuma kamfanoni masu ɗaukar nauyi da gudummawar jama'a ne ke riƙe da ita. Ƙungiyar unguwa buƙatunta kaɗan ne: jakar fiya wata, usur, riguna masu ƙyalli biyu ko uku, akwatin taimakon gaggawa, da ɗan abin da za a riƙa ba mai gadin fili.

Amma ɗan kuɗin nan shi ke raba abokai. Idan aka sa harajin dole, yaron da ke turin baro ya daina zuwa. Idan mutum ɗaya ke biya daga aljihunsa, wata rana zai gaji, ko kuma ya fara ganin ƙungiyar tasa ce. Abin da ya fi shi ne gudummawar ganin dama, ma'aji daban da shugaba, kuma duk ƙarshen wata a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a tura zaure kowa ya gani, ko da naira dubu biyu ce.

Sai kuma baƙon da ba ya rasa zuwa idan zaɓe ya matso: mai kawo riguna hamsin kyauta da hotonsa a baya. Jama'a, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da kuka sa rigar nan kuka zagaya unguwa, kun zama 'yan wane, rabin mutanenku sun janye, maƙwabtan da aka sha wahalar shawo kansu kuma sun koma kallon ku da wani ido. A rubuta tun ranar farko cewa ba hoton ɗan takara, ba tutar jam'iyya. Zauren WhatsApp ma a kulle shi yadda jagorori kaɗai ke iya turawa.

Idan wani ya faɗi fa?

Wannan ita ce tambayar da ba a son yi, kuma ita ce ta fi kowace nauyi. A Faransa dole parkrun ta dakatar da harkarta a 2022, saboda dokar ƙasar ta buƙaci takardar likita ga masu shiga irin wannan gudu, su kuma tsarinsu na kowa ya zo bai dace da hakan ba. A Birtaniya kuwa kowane wurin parkrun sai ya kasance da na'urar farfaɗo da bugun zuciya a kusa. Mu ba mu da wannan na'ura a zango, amma akwai abin da za mu iya.

Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi shekaru bai sani ba. Duk wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da ciwon suga, asma, sikila ko ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya fara. Wanda bai saba ba ya fara da tafiya, daga baya ya riƙa haɗawa da sassarfa. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashinsa na sarƙewa, ya tsaya nan take, ba jarumta a ciki. A ajiye littafi mai sunan kowa da lambar wani ɗan uwansa. A san asibiti mafi kusa da ke buɗe a wannan lokaci, a kuma san motar wa ko Keken wa za a ɗauka. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, a Legas akwai 767. Aƙalla mutum biyu su nemi ma'aikacin jinya ko ɗan agaji ya koya musu danna ƙirji, wanda ake yi sau 100 zuwa 120 a minti ga wanda ya faɗi ba ya numfashi. Ga kuma amfanin mai rufe baya: ba wanda zai faɗi a lungu a wuce a bar shi.

Wa ya fi buƙatar wannan?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ɗan dako da mai ruwa sun wuce wannan kafin azahar ɗin Litinin. Waɗanda abin ya shafa su ne masu wuni a zaune: ɗan canji, tela, mai shago, direba, dillali, da iyayenmu mata da ke wuni a ɗaki ɗaya a gidan haya. Su ne kuma suka fi jin nauyin fitowa. Alhaji ba zai so yaran shagonsa su gan shi yana haki a baya ba. Shi ya sa ƙungiyar da ta maida abin tsere takan ƙare da samari biyar masu ƙarfi, waɗanda dama ba su ne ke da buƙatar ba. Mai son gasa yana da wurinta: tseren famfalaki na Legas mai kilomita 42 da ake yi tun 2016, da na kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo da aka fara a 2013. Na unguwa kuwa, a ce masa fitowar motsa jiki, kuma mai tafiya da jallabiyarsa ya san ba a raina shi ba.

Mata kuma ba za su fito titi cikin maza ba, kuma ba sai an tilasta hakan ba. Fili mai katanga kamar na Islamiyya ko firamare, lokaci nasu daban, jagora mace, kowa da hijabinta, an gama magana. Su ma dai dokar ɗaya ce: kada aikin ya tsaya a kan mace ɗaya.

Saboda haka wanda ke da niyyar farawa, kafin ya buɗe zaure ya tara mutum talatin, ya ɗauki takarda ya rubuta Asabar ko Lahadi huɗu masu zuwa. A gaban kowace ya sa sunan jagora, mai duba hanya, mai ruwa da mai rufe baya, kuma kowa ya amsa da bakinsa. Idan layukan sun cika, a je gaida Sarki a nemi fili. Idan ba su cika ba, a ci gaba da neman mutane tukuna, masu gudu ba za su yi wuyar samu ba. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a inda muke neman abinci.